Hoton Inna Cima

Litinin, 5 ga Nuwamba 1984, bayan la'asar. Buza.

Na samu aiki. Madam Zalika, matar nan ta Tawa da ke rabon hatsin taimako, ta aiko a kira ni biro, wato ofishinsu. Mai hotonsu ya kwanta ciwo, wani ya ce mata ai ga Ɗan'azumi nan bakin kasuwa, mai hoton katadanti, katin shaidar ɗan ƙasa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi aparai ɗina, wato akwatin hoton da nake rataye da shi.

Ta ce, "Har ina ka kai a lakwal?"

Na ce aji uku.

Ta ce, "Ido nake nema, ba takarda ba."

Ga yadda abin yake. Hatsi kaɗan ne, ƙauyuka da yawa. Manyan da ke Yamai ba su zuwa, hoto suke kallo. Inda hoto ya nuna yunwa, can kamiyo, babbar motar hatsin, ke fara tsayawa. Ƙauyenmu, Dutsin Jika, na cikin waɗanda za a duba. Na aika wa Kawu Bawa saƙo ta bakin wani mai jaki: a shirya, ina tafe da hoto ran Asabar.

Alhamis, 8 ga wata, da almuru.

Mun zaga ƙauyukan wajen Babankatami. Ban san kowa ba can, kowa bai san ni ba.

Mata na jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji, cikin tukwane, suna zubar da ruwan ɗacin. Na ɗauka. Saniya ta kasa tashi, maza na ɗaga ta da sanda ta ƙarƙashin ciki. Na ɗauka. Wani tsoho na zaune gindin bango, wandonshi ya yage a gwiwa, ya ɗora tafin hannu ya rufe wurin. Madam ta dube ni. Na ce, "Baba, ɗauke hannun." Ya ɗauke.

Maigidana Rasaki, Bayaraben Madawa da ya koya mani sana'ar, abin da ya fara koya mani shi ne gyara wa mutum wuyan riga kafin a danna. Yau ban gyara wa kowa komi ba.

Aiki ne.

Asabar, 10 ga wata, bayan azahar. Dutsin Jika.

Madam ta wuce Keita, ta ce in yi namu ni kaɗai tunda gida ne.

Tun daga bakin rijiya na ji ƙamshin turare. An share ƙofar kowane gida. Kawu Bawa, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya fito cikin shuɗiyar rigar da ya sa ranar da anka naɗa shi Sarkin Noma, shekarar da ya ɗaure dami dubu ya rabar da shi. Rigar ta yi mashi yawa yanzu, sai ya naɗe hannuwanta bisa kafaɗa. Matarshi Inna Cima ta sa kwalli. Ɗiyarsu A'i, taubashiyata, ta sa wa yaronta hular ulu cikin rana tsaka.

Ta ce, "Kai bawana, in ka fito da ni da baki karkatacce sai na fasa akwatin nan bisa kanka."

Na ce, "Akwatin bai ƙarya, A'i. Abin da Allah ya yi shi yake bugawa."

Duk anka yi dariya. Na daɗe ban ji dariyar ƙauyenmu ba.

Bayan masallaci maza na musayar riga ɗaya, wanda anka ɗauka ya tuɓe ya miƙa ma na bayanshi. Kowa ya zaɓi ya tsaya gaban babban rumbun Kawu, wanda bakinshi ke liƙe da laka. Ni kuma ina ta faɗin abin da na saba. Ɗaga kai. Matso da ƙafa. Rufe nan. Na tura wata yarinya mai babban ciki da siraran ƙafafu bayan uwarta don kar ta ɓata layi.

Kawu ya ce da ni, "Ka gaya ma mutanen naku, mu nan dai alhamdu lillahi. Cima mace ce mai dabara, gidana ba a kwana ba a ci ba."

Inna tana kallon ƙasa.

Talata, 13 ga wata, da hantsi. Madawa.

Na wanke hotunan a ɗakin duhun Rasaki. Na ƙauyenmu sun fi duka kyau. Kamar ranar Salla.

Laraba, 14 ga wata, bayan la'asar. Buza.

Madam ta jera su bisa tebur. Na Babankatami gefe ɗaya, namu gefe ɗaya.

"Biki ka je?"

Na ce a'a, Madam.

"Wannan rumbun fa, cike yake?"

Na ce ban sani ba. Ba a leƙa rumbun namiji.

Ta cire madubin idonta ta murza ido. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ɗan'azumi, ni na san ƙasar nan ta Adar. Na san riga ta aro in na gan ta. Amma na Yamai ba su sani ba. Za su ga mutane da rawani gaban rumbu, su ce kamiyo ya wuce. Ranar Alhamis ta sama jakar hotuna ke tafiya. In kana da wani abu kafin nan, kawo."

Ni na aika a shirya. Ni na ce ɗaga kai.

Juma'a, 16 ga wata, bayan sallah. Dutsin Jika.

Na zo ba sanarwa. Ba turare yau. Hayaƙi na tashi daga gidaje, amma na leƙa gidan maƙwabcinmu na ga ruwa zalla ke tafasa cikin tukunya.

Na samu Kawu gindin bagaruwa yana tufka igiya. Na zauna nesa kaɗan. Na yi ta kewaye, ruwan bana, lafiyar jaki. Daga baya na faɗa. Na ce a buɗe rumbun in ɗauki cikinshi, sau ɗaya kawai.

Bai ɗaga ido daga igiyar ba.

"Kai, Ɗan'azumi. Mi na yi maka?"

Na ce Kawu, hatsi ne za ya wuce mu.

"Mutanen garin ga, in sun tashi da sahe, rumbun nan suke kallo su ce ai da sauran na Sarkin Noma. Shi ya hana su kwashe ɗiyansu su bi hanya. Kai ko kana so in tuɓe wando tsakar gari, ka buga, ka kai ma Nasara. Tahi ka sha ruwa."

Na tashi. A zaure na ci karo da A'i, yaron ba hula. Gashinshi ya yi ja, ya yi laushi kamar na masara. Ta ga na gani. Ta jawo gefen zane ta rufe mashi kai.

Ba ta tsokane ni ba yau.

Asabar, 17 ga wata, da hantsi.

Bayan asuba na ga Inna ta fita ta bayan gida da ƙaramar hauya da ƙwarya da faifai. Ba hanyar rijiya ta bi ba. Ta hau tudun duwatsu, ta sauka ta can gefen da ba a hango shi daga gari.

Na bi ta. Aparai na wuyana, ban san lokacin da na ɗauko shi ba. Ƙarya ne, na sani.

Na laɓe bayan dutse. Rana ta fito ta gefenta, hasken da mai hoto ke roƙon Allah ya ba shi. Tana durƙushe bakin gidan tururuwa, tana tono hatsin da sunka tara. Tana aiki a hankali, kamar yadda take tsince tsakuwa cikin wake. Can ta ɗago ta share goshi da bayan hannu.

Na danna.

Ba ta ji ba. Na koma gida na riga ta. Da ta shigo, ƙwaryar rufe da faifai, ta ce, "Ɗan'azumi, ka tashi lahiya? Sanyi bai dame ka ba?" Ta ce in jira ta dama mani wani abu. Na ce sauri nake, mota za ta bar ni.

Lahadi, 18 ga wata, da rana.

Na goge aparai. Ba ya da datti.

Talata, 20 ga wata, bayan azahar. Madawa.

Cikin ruwan wankin hoto Inna ta fito a hankali. Duwatsun farko, sai faifan, sai hannun. Fuskar ce ƙarshe. Har zanen tsagar kumatunta ya fito. Ba wanda ya taɓa shan furarta da zai ce bai gane ta ba, kuma rabin ƙasar nan sun sha.

Na sake buga wani, na bar haske ya daɗe bisa fuskar har ta yi baƙi. Na shanya su biyu bisa igiya. Mai baƙar fuska ya zama tarin tsumma kusa da rami, ba ka cewa mutum ne.

Rasaki ya shigo yana tauna goro. Ya tsaya gaban na farko. Ya daina tauna.

"Wa ya ɗauki wannan?"

Na ce ni.

"Yaro, yau ka zama mai hoto. Duk na baya katadanti ne."

Abin da ba zan iya gaya ma kowa ba, sai takardar nan: na ji daɗi. Kafin kunya ta zo, daɗin ya riga ta, har cikin ƙirjina.

Laraba, 21 ga wata, da la'asar. Buza.

Na kai wa Madam duka biyu. Da na so, da mai baƙar fuskar kaɗai na kai.

Ta ture shi gefe da yatsa ɗaya. Ɗayan ta riƙe shi da hannu biyu.

"Ka san ta?"

Na ce wata tsohuwa ce ta ƙauyenmu.

Wata tsohuwa. Matar da ta goye ni lokacin da nake bakon dauro.

Na ce, "Madam, Yamai kaɗai za shi, ko?" Ta ce Yamai, daga can wataƙila ƙasar waje. Ta ce in bugo mata guda na ajiya. Na ce to. Na yi ta lissafi a raina, wa ke zuwa Yamai daga Dutsin Jika? Ba kowa.

Aiki ne.

Litinin, 26 ga wata, da safe.

Mutum uku sunka zo hoton katadanti, za su bar ƙasa neman abinci. Na gyara masu wuyan riga.

Alhamis, 29 ga wata, da almuru.

Amsa ta zo. Kamiyo zai tsaya Dutsin Jika, sau biyu ma, yanzu da kuma tsakiyar watan gobe. Madam ta ce, "Tsohuwarka ta ciyar da gari." Ta yi murmushi, karon farko da na ga haƙoranta.

Da zan fita na ga allon da ke zauren biro, wanda anka kafa don manyan baƙi. Hoton ajiyar na tsakiya, an danne shi da ƙusoshi huɗu. Direbobi da masu dakon buhu nan suke zama jiran aiki.

Na tsaya. Na ce gobe zan roƙe ta ta cire.

Juma'a, 30 ga wata.

Madam ta tafi Tawa. Maigadi ya ce shi bai taɓa kayan biro.

Litinin, 3 ga Disamba, bayan la'asar.

Kamiyo ya je jiya. Ban bi shi ba, na ce ciwon kai.

A'i ta zo yau cikin kamiyon da ya dawo, zaune bisa buhunan wofi, goye da yaro. Ta tsaya ƙofar shagona, ba ta shigo ba, ba sallama.

"Kai ne?"

Ta ci gaba.

"Wani Maiguwa, mai sauke buhu, shina ɗora dawa bisa kafaɗa shina faɗi da ƙarhi, ai ku gode ma matar Sarkin Noma, ita da anka buga tana tonon gidan tururuwa. Shi a ganinshi yabo ne. Gaban masallaci, Ɗan'azumi. Gaban Baba."

Na ce A'i, yaronki...

"Kar ka sa ɗana cikin bakinka. Na san ɗana ya ci jiya, ni na ba shi. Ka san abin da ba ka sani ba? Baba bai sani ba. Ta gaya mashi tasoshinta na aure take saidawa tana awo. Tasoshin sun ƙare tun kafin kaka. Watanni shina cin abin da ta ƙwato ga tururuwa, shina cewa Cima mai dabara. Ni kaɗai ke taya ta sheƙewa, bayan ɗaki, kar ya ga ƙasar."

Mutane sun fara tsayawa. Mai shayi ya rage rediyo.

"Baba ya juya ya bar wurin. Ya shiga ɗaki. Rabon gidanmu na nan zaure, ya ce kar a shigo da shi. Ni a gidan mijina na dahwa. Inna ko ba ta leƙa ƙohwa ba, ko rijiya. Mata na zuwa wai gaisuwa, su dai su ga huskarta."

Na ce ta shigo ta sha ruwa.

Ta ce, "Da ka zo gabanta ka ce Inna zan ɗauka, wallahi da ta bari, don jikanta. Da ta samu ta gaya ma Baba da bakinta. Amma ka laɓe. Ko ɓarawon akuya ya fi ka, shi dai ba gidansu yake sata ba."

Ta tafi tasha.

Talata, 4 ga wata, da safe.

Madam ta dawo. Na gaya mata ko wace ce. Ta cire hoton da kanta, ƙusa ɗaya ta soke ta a yatsa. Ta ce, "Mi ya hana ka faɗi tun farko?" Ta miƙo mani shi. Na Yamai kuwa ya riga ya haye teku.

Ban san inda zan ajiye shi ba. Na sa shi ƙarƙashin tabarma, na kasa zama bisa tabarmar.

Alhamis, 6 ga wata.

Ban buɗe shago ba.

Asabar, 8 ga wata, da azahar. Dutsin Jika.

Na zo. Gari ya canja, ana jin daka. Jar dawa ce, tuwonta kamar bulo, amma yara na gudu. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana sa mani albarka, wani dattijo kuma ya juya kai da na gaishe shi. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Buhun gidanmu na nan zaure, ɗinkinshi ba a taɓa ba. Kaji na zagaya shi.

Na durƙusa ƙofar ɗakin Kawu na yi sallama. Na ji motsinshi, na ji ƙarar tasbaha. Na sake yi. Na zauna nan har inuwa ta bar ni, ta koma bango. Bai amsa ba.

Ɗakin Inna labule a sauke. Ban iya zuwa can ba. Na ga ƙafafunta ta ƙarƙashin labulen, sun kumbura, da tabon cizo har idon sawu. Cikin hoton ban lura da su ba. Ni da ake cewa ina da ido.

Na kwana gidan A'i. Mijinta ne ya ba ni tabarma.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi.

Na ji su ta bayan danga, ban yi niyyar saurare ba. Wannan karon da gaske ban yi niyya ba.

Kawu ya ce, "Mi ya sa ba ki gaya mani ba?"

Inna ta ce, "Da na gaya maka, da ka ci?"



Ya ce, "Da ban ci ba."

Ta ce, "To."

Na bar wurin.

Asabar, 15 ga wata, bayan la'asar. Dutsin Jika.

Kamiyo na biyu. Madam ta ce dole in zo, na Yamai na son su ga hatsin a hannun mutane. Wannan karon ba a kai wa gida-gida, kowane gida mace ke zuwa layi da abin awo. Duk gari na jira ya ga ko Inna za ta fito. Ba wanda ya faɗa, amma idon kowa na ƙofar gidanmu.

Kawu ne ya fito. Ba rawani, ba shuɗiyar riga, taguwar gona ce jikinshi, mai faci a kafaɗa. Yana riƙe da ƙwaryar Inna. Ya ratsa fili a hankali, ya wuce mazan da ke zaune gindin bango, ya je ya tsaya bayan mace ta ƙarshe.

Matan sunka rikice. Wata ta ce, "Haba Sarkin Noma, wuce gaba mana." Wata ta miƙa hannu ta karɓar mashi ƙwaryar.

Ya ce, "A'a. Nan na iske layi."

Wani cikin mazan ya ɗaga murya, "To rumbun hwa, Sarkin Noma?"

Bai juya ba. Ya ce, "Iska ce ciki. Tun bara."

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya tashi ya kwashe 'ya'yanshi kuma. Can sai na ga wani dattijo ya miƙe ya shiga gida, ya fito da kwano ya tsaya bayan Kawu. Sai wani.

Ni ina gefen kamiyo, aparai na rataye, hannuwana a bayana. Layi na matsowa. Da Kawu ya zo daidai ni, ya tsaya. Ya dube ni cikin ido, rabon da ya yi haka tun kafin ranar igiya.

"Kai mai hoto."

Na ce na'am, Kawu.

"Ita ta sha kallo ya isa. Saura ni. Ɗauka, ka kai masu, ka ce wanga shi ne mijinta."

Na ce Kawu, don Allah.

"Ɗauka ina ganinka."

Na ɗaga. Cikin gilashin na ga yana kallona, ƙwaryar a ƙirjinshi, Maiguwa na zuba dawa. Na danne gwiwar hannu da ciki kamar yadda ake yi. Na danna. Ya ji ƙarar. Ya gyaɗa kai, ya wuce gida.

Asabar ɗin dai, da almuru.

Ina zaune zauren mijin A'i, ta shigo da akushi ta dangwarar gabana.

"Inna ta ce a kawo ma."

Na ce ta ce wani abu?

"Ba ta ce ba."

Ko gaisuwa?

"Tuwo ta ce. Ci, bawana, kar ya huce."

Na buɗe. Jar dawa, miyar kuka ba mai. Ta shafe saman da bayan ludayi ya yi sumul, ta yi mani rami a tsakiya don miya.

Na cinye duka.